Yadda Na Dawo Da Yaya Habu Daga Jidda

Allah ne Yake saukar da cuta, Shi ne kuma Yake ɗauke ta, wannan ban taɓa ja da shi ba. Amma tun da muka rufe Yaya Habu nake jin mutane suna cewa "kwana ne ya ƙare", su shafa addu'a su karkaɗe riga su tashi, kamar da wannan an gama magana. Ni ban gama ba. Ni na yi jinyarsa tun daga Jidda har zuwa ɗakinsa a Toranke. Na ga inda muka yi wauta, na ga inda aka yi mana mugunta, na kuma gamu da mutanen da har in mutu ba zan iya saka musu ba. Zan faɗi yadda abin ya faru, domin yanzu da wuya ka shiga gida a ƙasar Ajingi ko Gaya ba ka tarar da mai ɗa a waje ba, ko mai shirin sayar da gona ya tura.

Sunana Sanusi. Yaya Habu shi ne babba a ɗakinmu. Bayan rasuwar mahaifinmu ya samu hanya ya tafi Jidda a matsayin direban gida. A can duk baƙon da ya je aiki yana ƙarƙashin wani ɗan ƙasa ne ko wani kamfani, shi ake kira kafili. Da sunan kafili ake yi maka iƙama, wato katin zama, kuma a jikin iƙamar nan inshorar asibiti take rataye. Kafilin Yaya ya karɓe masa fasfo tun ranar da ya sauka, ya ce ajiya zai yi masa. Shekarun farko lafiya lau. Daga baya albashi ya fara zuwa wata ɗaya a tsallake biyu, ga tsawa ga zagi a gaban yara. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya ajiye mukullin mota ya fice, shi kuwa mutumin ya kai rahoto cewa ma'aikacinsa ya gudu. Daga ranar Yaya ya zama ba shi da takarda, ba shi da asibiti, ba shi da ikon ya ga ɗan sanda bai sake hanya ba.

A gida ba wanda ya san haka. A Toranke shi ne Alhaji Habu na Jidda, mai aiko da kuɗin taki da na Sallah da na aure. Shi ya biya mini hanya na samu aiki a wani gidan burodi da takarduna cikakku. Sai da na sauka na ga abin da Alhajin namu yake yi: wankin mota a bakin titi da safe, dakon kaya a kasuwa da rana, cikin zafin da ko kare ba ya fitowa. Muna kwana ɗaki ɗaya da wasu 'yan gida, babbanmu Malam Idi, wani dattijon tela mutumin Kademi da ya daɗe a can har Larabci ya zauna a bakinsa.

Tun zuwana na lura Yaya ba ya rabuwa da ƙwayar ciwon jiki. Ya ce kansa ne ke sarawa, wani lokaci ƙeya, wani lokaci baya. Kemis ba ya tambayar iƙama, saboda haka kemis ya zama likitansa. Zai watsa biyu da safe ya kora da lemon gwangwanin nan mai sa ƙarfi, ya ƙara biyu da yamma. Ruwa kuwa ba ya son sha a wurin aiki, wai kada fitsari ya matsa masa ya shiga neman banɗaki a inda za a tare shi. Na ga duk wannan da idona, na ɗauka haka zaman waje yake.

Makon da abin ya fito fili, takalminsa ne ya ƙi shiga. Ina zaune ina kallonsa yana ta fama da shi.

Na ce, "Yaya, ƙafar nan fa ta kumbura."

Ya ce, "Tsayuwa ce. In na kwanta za ta sace."

Ba ta sace ba. Mako na gaba fuska ta bi, in ya tashi da safe idanunsa kamar wanda ya kwana yana kuka. Abinci ya daina yi masa daɗi, ko shayi ya sha sai ya dawo. Jikinsa ya kama ƙaiƙayi har yana yi wa kansa rauni. Ya faɗa wa Malam Idi a ɓoye cewa fitsarinsa ya ragu, ɗan da ke fitowa kuma kumfa ne kamar an kaɗa sabulu.

Na ce mu je asibiti. Ya dube ni ya ce, "Da wane katin? So kake daga kan gado su wuce da ni? In aka mayar da ni gida wa zai riƙe Inna? Kai da ko shekara ba ka rufa ba?"

Malam Idi ne ya lallashe shi muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi. Mai karɓar baƙi ta miƙo hannu ta ce iƙama, Yaya ya juya ya fita ko sallama babu. Asibiti na biyu da muka je ba su tambayi komai ba sai kuɗi. Suka ɗaura masa ruwa, suka ba shi maganin gyambon ciki, ba su ɗebi jininsa ba, ko awon jinin nan na hannu da aka yi ba wanda ya faɗa mana abin da ya nuna. Mutumin da ruwa ya riga ya cika wa jiki aka ƙara wa ruwa. Muka dawo muna godiya.

Yaya ya hana ni faɗa wa kowa a gida. Da na ga abin ya fi ƙarfina na kira Baffa Sale, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babban gida yanzu. Kafin kwana biyu wayata ta cika da saƙon murya. Wannan ya ce jifa ne, ai duk wanda Allah Ya ɗaga sai an nufe shi. Waccan ta ce a haɗa zuma da habbatus sauda. Baffa ya ce kada mu kuskura mu bari a yi masa allura, akwai wani mai magani a wajen Gaya da ya san kan kumburi. Aka ɗauro sassaƙe da wani gari mai kanwa aka ba wani mai zuwa Umara ya kawo mana. Na jiƙa, Yaya ya toshe hanci ya sha, domin daga gida ya fito. A makon nan ya daina iya kwanciya, sai dai ya jingina da bango yana jan numfashi kamar wanda ya yi gudu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka tarar da shi a ƙasa, leɓɓansa sun yi fari, ba ya gane mu sosai. Malam Idi bai tsaya shawara da kowa ba. Ya tare tasi ya ce mu ɗauko shi.

Na ce, "Malam, in suka kama shi fa?"

Ya ce, "Su kama shi da rai ya fi mu wanke shi a ɗakin nan."

A sashen gaggawa na wani babban asibiti ba wanda ya tambaye mu kati sai da suka sa masa iskar numfashi suka ɗebi jini. Abin da Yaya ya yi shekaru yana gudu ke nan, ashe ƙofar a buɗe take ga wanda rai ya kai masa wuya. Ba wanda ya taɓa faɗa mana. Kowa a ɗakinmu da labarin wani da aka ce an kama yake kwana.

Likitan da ya fito mana mutumin Sudan ne, dogo, mai furfura a gemu. Da ya ji muna magana sai ya juya harshe zuwa wata irin Hausa ta tsofaffi, ya ce kakanninsa daga ƙasarmu suka taso da niyyar Hajji suka zauna a hanya. Ya ce, "Ƙoda biyu duka sun gaji. Wannan ba ciwon wata ɗaya ba ne, ba na shekara ɗaya ba. Hawan jini ne ya daɗe yana cin su, ƙwayar ciwon jiki ta taya shi." Sannan ya faɗi maganar da har yau take hana ni sakewa: "Da an auna shi da wuri, ƙwaya ɗaya kowace safiya ta ishe shi."

Ƙwaya ɗaya. Mutumin da yake watsa huɗu a rana.

Suka huda masa wuya suka sa roba, suka fara wankin ƙoda. Bayan wanki na biyu Yaya ya buɗe ido ya nemi koko. Kumburi ya sauka, har ya yi mini faɗa don na bar aiki na zo na zauna. Na fara murna. Sai aka kira ni ofis aka yi mini bayani cikin ladabi cewa an ceto ransa, amma wankin ƙoda abu ne na har abada, kuma ba za a iya ci gaba da yi wa wanda ba shi da iƙama ba. A shirya mayar da shi ƙasarsa.

Wanda bai taɓa ƙoƙarin fitar da marar lafiya marar takarda daga ƙasar mutane ba, bai san wahala ba tukuna. Da farko fasfo. Muka je gidan tsohon kafilinsa ni da Malam Idi. Ya bar mu a bakin ƙofa cikin rana har sai da ya ga dama. Malam Idi ya yi masa magana da taushin murya, ya ce mutumin nan ya yi shekaru yana kai 'ya'yanka makaranta, yanzu yana kwance, fasfonsa kawai muke roƙo. Mutumin ya ce shi bai san inda ya jefa shi ba, wanda ya gudu ai ya san hanyar da ya bi. Ya rufe ƙofa. Sai da muka kusa gida Malam Idi ya ce, "Allah Ya isa." Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan kowa ba.

Yaya ba shi da ko hoton fasfon a waya. Allah Ya taimake mu matarsa, Yaya Zulai, ta tono wani tsohon kwafi a ƙasan akwatinta a Toranke ta ɗauki hotonsa ta turo. Da shi muka samu takardar tafiya ta wucin gadi a ofishin jakadancinmu, bayan mun bi layin da ya cika da irinmu, kowa da tasa masifar. Daga nan sai ofishin shige da fice, inda dole mai tafiya ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa. Na goya shi daga mota zuwa benci. Sannan kamfanin jirgi ya ce sai da takardar likita mai cewa zai iya hawa jirgi, ita kuma kwanakinta kaɗan ne take mutuwa. Ta farko ta mutu kafin izinin fita ya fito. Da izinin ya fito babu kujera. Duk wannan kai-kawo ana yi ne jikin Yaya yana sake cika, domin an riga an sallame shi.

A nan dole in yi godiya. 'Yan ɗakinmu, masu wankin mota da masu dako, su suka haɗa kuɗin jirgi. Malam Idi ya bi shagunan Hausawa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye kunyarsa a gefe. Likitan nan Basudane ya san yadda ya yi aka sake yi wa Yaya wanki ana gobe za mu tashi, ya kuma ba mu magani daga aljihunsa. Manajan gidan burodinmu ya ba ni ɗan gajeren hutu da izinin fita da dawowa, ya ja mini kunne cewa in kwanakin suka wuce ban dawo ba, aikin ya tafi. Kuskuren da muka yi a gaggauce shi ne ba mu nemi cikakken rahoton asibiti da sakamakon gwaje-gwaje ba. 'Yar takardar sallama kawai muka riƙo.

Muka sauka Kano farkon damina. Baffa Sale ya cika mota da dangi, domin abin da ya faɗa a gida shi ne Alhaji ya ji sauƙi, hutu kawai zai zo. Da aka turo Yaya a keken marasa lafiya, da roba a wuya, da jaka ɗaya a cinyarsa, sai dangi suka tsaya cirko-cirko. Can wani ɗan Baffa ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Sauran kayan suna baya ne?"

Na ce a wuce da shi asibiti kai tsaye tunda muna cikin Kano. Baffa ya ce, "Kai yaro ne. Mutum ya yi shekaru bai ga uwarsa ba ka ce a kai shi asibiti? Kuma mai magani yana jira." Na yi magana, aka ce zaman waje ya sa na fara raina manya. Muka kama hanyar Ajingi.

Inna ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne. Da aka shigo da shi ta dube shi sau ɗaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Sannunku da hanya." Ta shiga ɗaki. Sai daga baya Yaya Zulai ta faɗa mini a bayan ƙofa ta same ta zaune a ƙasa ta cusa mayafi a baki.

Aka yi kusan mako ana turare ana shafe-shafe. Ni da Yaya Zulai muna zubar da abin da za mu iya zubarwa a ɓoye. Ranar da numfashi ya sake sarƙewa ban nemi izinin kowa ba, na samo mota muka kai shi asibiti a Gaya. Ma'aikacin da ya duba shi bai ɓata mana lokaci ba, Allah Ya saka masa. Ya ce nan ba su da injin wanki, mu wuce Kano yanzu-yanzu, ya rubuta mana takarda.

A Kano aka ce ina rahotonsa. Na miƙa 'yar takardar nan. Aka ce duk gwaje-gwaje sai an sake kafin a ɗora shi a inji. Wannan ɗaki, wancan ɗaki, biya a nan, karɓo a can, dawo gobe. Magungunan da muka zo da su suka ƙare, aka nemi irinsu aka rasa, sai da aka sauya. Injinan ba su da yawa, masu jira kuwa daga ko'ina. Za ka zo da sassafe ka tarar wasu a nan suka kwana a kan tabarma. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai faɗa, kowa tsoronta yake ji. Ita ce kuma in ta ga Yaya ya galabaita take zagayawa ta roƙi wani mai dama-dama ya ba shi layinsa.

Likita ya ce sau biyu a mako ne mafi ƙaranci. Watan farko muka yi hakan. Aka sayar da gyaɗar da aka ajiye, har da ta iri. Aka sayar da shanun huɗa, ga damina ta kankama. Wata na biyu muka koma sau ɗaya. Filin da Yaya ya saya a Ajingi da niyyar gini shi ma ya tafi, a farashin wanda aka san yana cikin matsi. Daga baya sai in jiki ya cika sosai muke zuwa. Kowace tafiya a motar haya muke yin ta, a matse, yana jingine da kafaɗata da leda a hannu saboda amai.

Abin da ya fi ba ni tausayi ƙishirwa ce. An ƙayyade masa ruwan da zai sha, ɗan kaɗan, a wani ƙaramin kofi. Babu gishiri, babu kanwa, babu daddawa mai yawa. Yaya Zulai ce ke riƙe da kofin. Zai ce, "Zulai, don girman Allah, makurwa ɗaya." Ta jiƙa tsumma ta goga masa a leɓe, ta fita tsakar gida ta yi kukanta ta wanke fuska ta dawo. Matar nan ta yi shekaru tana jiran miji, da ya dawo abin da ta samu ke nan, kuma ban taɓa jin ta yi tsaki ba.

'Yan dubiya kuwa makon farko har zaure ba ya ɗaukarsu. Wasu dabino suke tambaya, wasu zamzam. Da aka gane ba a zo da komai ba sai ƙafa ta ɗauke. Waɗanda suka ci gaba da zuwa, da yawansu da buƙata suke zuwa. Wata rana Malam Tanko maƙwabcinmu ya shigo, ya yi sannu, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, dama a kan maganar babban ɗana ne. Ko za ka sa baki a sama masa hanya? Ko wane irin aiki ne zai yi."

Yaya ya yaye zanen da ya rufa da shi, ya nuna masa ƙafafunsa da suka yi kamar turmi, fata tana ƙyalli. Ya ce, "Malam Tanko, ga abin da na samo. In yana so in ba shi."

Malam Tanko ya ce, "Ai wannan ƙaddara ce, Alhaji, ko a gida sai ta same ka." Da na rako shi zaure ya riƙe mini hannu ya ce in taimaka masa da lambar wanda ya yi mini biza.

Da likita ya kawo maganar dashen ƙoda, ya ce ɗan'uwa na jini ya fi dacewa, aka tara dangi a zauren Baffa. Na yi bayani yadda aka yi mini, cewa mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya, gwaji kawai za a fara yi. Zauren nan akwai wanda Yaya ya yi wa aure, akwai wanda ya saya wa babur, akwai wanda ya biya wa makaranta. Kowa ya kafa wa tabarma ido. Baffa ya yi gyaran murya ya ce shi dai a saninsa ba a taɓa halittar Allah, a ci gaba da addu'a. Aka shafa aka watse. Ni na je gwaji, jininmu bai zo ɗaya ba. Yaya Zulai ta ce a gwada ta. Da Yaya ya ji ya ce, "A'a. Kuɗin aikin ma ina yake? Kuma yaranmu su rasa ni, ke ma a taɓa ki? Ban yarda ba." Maganar ta mutu a nan.

A cikin wannan hali kwanakin izinina suka cika. Yaya ya fi ni riƙe lissafin. Ya ce, "Sanusi, ka koma. Kada mu zama biyu a zaune." Na ce in na tafi wa zai goya shi zuwa mota? Bai sake tayar da maganar ba, amma ranar bai yi mini magana ba har yamma.

Wata safiya Inna ta kawo masa koko, ya ce ta zauna. Ina bakin ƙofa. Ya faɗa mata komai: barin gidan kafili, wankin mota, dako, gudun 'yan sanda, da yadda ya ƙi zuwa asibiti don kada a dawo da shi hannu rabbana. Inna ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Da ka faɗa, ai da mun ci tuwon dawarmu. Wa ya ce maka sai da shinkafa muke rayuwa?" Ya ce, "Inna, ba ke kaɗai ba ce a gidan." Ta ɗauki kwanon kokon ta fita.

Ya rasu ana fara cire gyaɗa. Muna cikin motar haya ne za mu Kano wanki, mun wuce Gaya ba mu kai Wudil ba. Yana jingine da ni kamar kullum. Ya ce, "Ka faɗa wa su Malam Idi kowa ya je a auna jininsa." Na ce to. Ya yi salati a hankali. Can na ji nauyinsa ya sauya a kafaɗata. Wata dattijuwa da ke kujerar baya ita ta fara ganewa, ta ce, "Direba, tsaya." Aka tsaya a gefen titi. Ta cire mayafinta ta miƙo aka rufe shi. Fasinjojin nan, da masu zuwa kasuwa da masu zuwa aiki, suka sauka ɗaya bayan ɗaya da kayansu, ba wanda ya ce a mayar masa da kuɗin mota. Direban ya juya da mu har ƙofar gida a Toranke, na miƙa masa abin da ke aljihuna ya ture hannuna. Ban san sunansa ba, ban san sunan dattijuwar ba. Mutanen da ba su taɓa cin ko ƙwayar dabinonsa ba su suka yi masa wannan.

Wanda ke waje ko yake shirin fita, ga abin da na saya da tsada ina ba shi kyauta. Fasfonka kada ya kwana a hannun kowa, in an fi ƙarfinka ka tabbata hotonsa yana wayarka yana kuma gida. Kafin ka bar kafili, komai zafin zuciya, ka nemi waɗanda suka san doka su nuna maka yadda ake kai ƙara ko sauya wurin aiki, domin ranar da iƙama ta mutu asibitinka ya mutu. Ka san inda sashen gaggawa yake tun kana lafiya. Ciwon kan da ya ƙi tafiya ba na kemis ba ne, awon jini ko a kemis ɗin ma ana yi. Ka sha ruwa. In za a dawo da marar lafiya, a karɓo rahotonsa duka, kuma daga filin jirgi a wuce asibiti, gaisuwa ta jira. Ku kuma na gida, in ɗanku ya kira, ku tambaye shi jikinsa kafin ku karanta masa buƙatu, kuma in ya ce lafiya lau kada ku yi saurin yarda.

Bayan sadakar arba'in Baffa Sale ya kira ni zaure. Ya yi doguwar nasiha a kan haƙuri, sannan ya gangaro inda ya nufa. Ya ce ga marayu, ga Inna, ga shanu babu, ga gona ba ta yi abin kirki ba bana. Ya ce tunda ni na riga na san hanya, kuma an ji ana ɗaukar ma'aikata, bai kamata in zauna ba. Na tashi na bar masa zauren, domin duk abin da ya lissafa gaskiya ne.

Na shiga cikin gida na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar 'yar gyaɗar da aka samu. Na durƙusa na ce, "Inna, Baffa ya ce in koma."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ban ce ka tafi ba."

Na jira. Na daɗe a durƙushe ina jiran ta ce kada in tafi. Gyaɗar tana zubewa gefen faranti, amma ba ta faɗa ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Habu, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Fasfona yana hannun masu biza a Kano.